Nahawu Farko, Ma'ana Daga Baya? Sharhi a Kan Shaidar da Ake Kawowa Daga Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da nahawu ya san cewa jumla tana iya lalacewa ta hanya fiye da ɗaya. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Ladi ta tuƙa tuwo.
(2) *Ladi ya tuƙa tuwo.
(3) ?Ladi ta tuƙa takalmi.

Jumla ta (2) ta karya dokar jituwa tsakanin aikau da zagin aikatau, amma duk da haka mai sauraro ya fahimci abin da ake nufi. Jumla ta (3) kuwa gininta lafiya lau, sai dai abin da take faɗi ba ya shiga hankali. Wannan bambanci daɗaɗɗe ne a wurin masana harshe. Tun a ƙarni na 8 na Miladiyya, Sibawaihi na Basra ya kasa magana a farkon littafinsa, ya ware miƙaƙƙiya mai kyau daga miƙaƙƙiya wadda ƙarya ce, ya kuma ware waɗannan daga wadda ƙarshenta yake rushe farkonta. A zamaninmu Chomsky (1957) ya sake tayar da batun, inda ya nuna cewa jumla tana iya cika sharuɗɗan nahawu ba tare da ta ƙunshi wata ma'ana ba. A kan irin wannan hujja ce muke raba darasin ginin jumla da na ilimin ma'ana a jami'o'inmu.

To amma rabon da manazarci ya yi a kan takarda abu ɗaya ne, aikin da ƙwaƙwalwar mai sauraro take yi a lokacin da magana ke shiga kunnensa kuma wani abu ne daban. Daga 1980 zuwa yau an tara shaida mai yawa ta hanyar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma an daɗe ana fassara shaidar da cewa ƙwaƙwalwa ma ta amince da rabon: tana da amsa guda ga kuskuren ma'ana, da wata amsa daban ga kuskuren nahawu, sannan nahawu shi ne yake fara aiki. A wannan takarda za mu yi sharhi a kan wannan fassara. Ra'ayinmu shi ne amsoshin da aka auna tabbatattu ne, amma sunayen da aka laƙaba musu sun yi gaba da hujja, kuma bai kamata malamin harshe ya ci gaba da gaya wa ɗalibansa cewa ƙwaƙwalwa ta shaidi jadawalin darussanmu ba.

2.0 Yadda ake awon

Hans Berger, wani likita Bajamushe, shi ne ya fara buga rahoton auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam daga fatar kai, a 1929. A gwajin harshe, akan sanya wa mutum wata hula mai ɗauke da 'yan ƙarafa masu taɓa fatar kai, a riƙa nuna masa jumla a allon kwamfuta kalma bayan kalma, ko kuma a jiyar da shi ita ta kunne. Motsin da kalma guda take haifarwa ƙanƙane ne ƙwarai, bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na bolt ɗaya ba, kuma yana nutse cikin sauran hidimar ƙwaƙwalwa. Saboda haka sai an tara jumloli masu kama da juna, kamar 30 ko 40, daga mutane da yawa, an fitar da matsakaicinsu, kafin siffar amsar ta fito fili. Muna roƙon mahalarta su riƙe wannan batu na matsakaici, domin za mu dawo kansa.

Amfanin wannan hanya shi ne lokaci, domin tana nuna abin da ya faru a cikin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Rauninta kuma shi ne wuri: daga fatar kai ba a iya tantance ainihin sashen ƙwaƙwalwar da motsin ya fito.

2.1 Amsoshi biyu

A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka ba mutane jumlolin Ingilishi waɗanda wasunsu ke ƙarewa da kalmar da ba ta dace ba, irin a ce an shafa wa burodi safar ƙafa. Kalmar da ta saɓa ta haifar da wani motsi mai karkata wajen alamar debewa, wanda ya kai ƙololuwa wajen milisakan 400 bayan bayyanar kalmar. Daga nan aka sami sunan N400. A cikin gwajin nan kuma, da aka rubuta kalmar da ta dace amma da manyan baƙaƙe fiye da kima, sai aka sami wata amsa daban, abin da ya nuna cewa N400 ba mamaki ne kawai ba. Bayan shekara huɗu, a 1984, masanan biyu suka nuna cewa ko kalma ba ta saɓa wa hankali ba tana haifar da N400, kuma girmansa yana raguwa gwargwadon yadda mahallin jumla ya sa ake tsammanin kalmar. Idan Bahaushe ya ji “ya sha fura da…”, kalmar “nono” ta riga ta tsaya a bakin ƙofa. “Zuma” ba kuskure ba ce, amma bisa wannan bincike za ta fi jawo N400.

Amsa ta biyu ta fito ne a 1992 daga Lee Osterhout da Phillip Holcomb a Amurka, sannan a 1993 daga Peter Hagoort da abokan aikinsa a Naimegen ta ƙasar Holan. Sun ga cewa idan ginin jumla ya karye, ko kuma ya juya ta inda mai karatu bai zata ba, akan sami motsi mai karkata wajen alamar tarawa, wanda yake farawa wajen milisakan 500 ya ɗauki ɗan lokaci. Shi ne P600. Rukunin Hagoort sun yi amfani da rashin jituwar adadi tsakanin aikau da aikatau a Holanci, wato kuskure ɗan'uwan na jumla ta (2). Ke nan, bisa wannan hoto, jumla ta (3) N400 za ta bayar, ta (2) kuma P600. Hoton ya yi kyau, ya yi sauƙin koyarwa, shi ya sa ya shiga littattafan karatu da wuri.

3.0 Ra'ayin “nahawu farko”

Wadda ta fi kowa tsara wannan ra'ayi da ƙarfin hali ita ce Angela Friederici ta Cibiyar Max Planck da ke Laifzig. A 2002 ta gabatar da tsari mai matakai uku. A mataki na farko, tsakanin milisakan 100 da 300, ƙwaƙwalwa tana duba ajin kalma kaɗai, ko suna ce ko aikatau, ta gina ƙashin jumla. A mataki na biyu, tsakanin 300 da 500, ake duba ma'ana da jituwa, kowanne a layinsa. A mataki na uku, daga 500 zuwa 1000, ake haɗa sakamakon, a gyara abin da ya ɓaci. Hujjar mataki na farko ita ce wata amsa mai saurin fitowa a gaban kai ta hagu, wadda ake kira ELAN, da aka samu a jumlolin Jamusanci inda aikatau ya biyo bayan harafi a gurbin suna. Kwatankwacinsu a Hausa shi ne:

(4) *An ajiye littafi a kan karanta.

Har ila yau rukunin Laifzig sun ba da rahoton cewa idan kalma ta saɓa wa aji da ma'ana gaba ɗaya, N400 ba ya fitowa sam. Suka fassara wannan da cewa nahawu mai gadin ƙofa ne: kalmar da bai ba izini ba, ma'ana ba ta ko kallonta.

Dole a yaba wa wannan tsari ta fuska guda. Ya faɗi abin da zai iya ƙaryata shi, da lokaci da jeri, kuma ba kowane ra'ayi a fagen harshe yake da wannan jarumta ba. Ya kuma yi daidai da tunanin Lyn Frazier a kan yadda ake warware jumla, da na Jerry Fodor (1983) a kan cewa hankali yana da sassa masu cin gashin kansu. Sai dai kuma hujjarsa ta ci karo da matsaloli uku, kuma ta farko ta taɓa tushen ginin.

A 2012 Karsten Steinhauer da John Drury suka bi diddigin gwaje-gwajen ELAN. Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne. Kowane awo yana buƙatar wurin farawa, wanda akan ɗauka daga ɗan lokacin da ya gabaci kalmar da ake nazari. A jumla irin ta (4), kalmar da ta gabaci kuskuren harafi ce, a jumlar da ake kwatanta ta da ita kuwa wata irin kalma ce daban. Tun da kowace kalma tana barin nata motsi a baya, bambancin da aka gani a milisakan 150 yana iya zama ragowar kalmar baya ne ya malalo gaba, aka ɗora wa kalmar da ba ta san hawa ba. Wanda ya auna hatsi da mudu biyu masu bambancin zurfi, ba zai ce bambancin daga hatsin yake ba. Mu a ganinmu wannan suka ba ta sami amsa mai gamsarwa ba.

Matsala ta biyu ta fito daga wasu harsuna. Van den Brink da Hagoort (2004) sun yi amfani da kalmomin Holanci waɗanda ajinsu ba ya bayyana sai a ɗafa-ƙeya, wato a ƙarshen kalma. A nan N400 ya fara tun kafin mai sauraro ya ji ɗafin da zai gaya masa ajin kalmar. Ashe ma'ana ba ta jira izini ba. Abin da ya fara isa kunne, da shi aka fara aiki. Haka kuma Zhang da Yu da Boland (2010) sun sami N400 a Sinanci ko da ajin kalma ya saɓa.

Ta uku ta shafi matsakaicin da muka ambata. Darren Tanner da Janet Van Hell (2014) sun dubi amsar mutum ɗaya-ɗaya ga kuskuren jituwa a Ingilishi, suka ga wasu mutane sun fi karkata ga N400, wasu kuma ga P600. Idan aka gauraya su, sai a sami wata siffa mai matakai biyu wadda mai yiwuwa ba ta cikin kan kowa daga cikinsu.

4.0 Lokacin da ƙwai ya ci burodi

Wanda ya bar batun jerin matakai yana iya riƙe rabon farko, ya ce N400 dai na ma'ana ne, P600 kuma na nahawu. Wannan ma bai tsira ba. Tsakanin 2003 da 2005 rukunoni huɗu, a Amurka da Holan, suka ci karo da abu guda. Gina Kuperberg da abokanta (2003) sun ba mutane jumlar Ingilishi da ke cewa da safe ƙwai ne yake cin gasasshen burodi. Kolk da abokansa (2003) da Hoeks da abokansa (2004) sun yi irin wannan a Holanci, inda a gwajin Hoeks aka ce mashi ne ya jefa 'yan wasa. Albert Kim da Osterhout (2005) kuma suka sanya abinci a matsayin mai lanƙwame yara. A Hausa siffar ita ce:

(5) ?Tuwo ya tuƙa Ladi.

Babu dokar nahawu da (5) ta karya: ga aikau, ga zagin da ya jitu da shi, ga aikatau, ga karɓau. Laifinta na ma'ana ne, don haka N400 ya kamata a gani. Abin da aka samu a dukkan gwaje-gwajen nan akasin haka ne: N400 bai motsa ba, ko ya motsa kaɗan, P600 kuwa ya fito sosai.

Kim da Osterhout sun ba da bayani mai jan hankali. Suka ce alaƙar abinci da ci tana da ƙarfi har ta rinjayi nahawu: ƙwaƙwalwa ta riga ta yanke cewa abincin aka ci, saboda haka sai ta ɗauki sigar aikatau ce ta yi kuskure, shi ya sa amsar nahawu ta fito. Hujjarsu ita ce da suka sauya aikau da wani abin da ba shi da alaƙa da ci, wato saman tebur mai ƙura, N400 ya dawo. Wannan juyin mulki ne a kan tsarin Laifzig, domin yanzu ma'ana ce ke gaba, nahawu na biye. Amma murna ba ta daɗe ba. Kuperberg da abokanta (2007) sun sami P600 ko a inda aka ce ƙwai yana shuka, alhali babu wata alaƙa tsakanin ƙwai da shuka da za ta ruɗi kowa.

Ta ɗaya ɓangaren ma, N400 ya ƙi zama cikin iyakar da masanin ilimin ma'ana zai shata masa. Hagoort da abokansa (2004) sun gaya wa mutanen Holan cewa jiragen ƙasansu farare ne, alhali kowa a can ya san rawaya ne, suka kwatanta da jumlar da ta ce jiragen tsami ne da su. Ta farko ƙarya ce kawai, ta biyu ba ta shiga hankali, wato irin rabon da Sibawaihi ya yi. Amma N400 ya fito a duka biyun, a lokaci guda, da girma kusan ɗaya. Nieuwland da Van Berkum (2006) kuma sun ba da wani ɗan labari a kan gyaɗar da ke waƙa da rawa saboda soyayya. A ƙarshen labarin, cewa gyaɗar ta kamu da so bai tayar da N400 ba, cewa an sa mata gishiri ne ya tayar da shi. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba: da zarar an ce “ga ta nan, ga ta nanku”, yaro ya daina tuhumar kurciya mai magana.

Ko jumlarmu ta (2), da muka kawo a matsayin tsantsar kuskuren nahawu, tana da ayar tambaya. Me ya sa “Ladi ya” kuskure ne, “Bala ya” kuma daidai, alhali Bala ne yake ƙarewa da wasalin da galibi ke nuna tamata? Sanin al'ada ne ya gaya mana wane ne Bala, wace ce Ladi. Osterhout da Bersick da McLaughlin (1997) sun nuna cewa wakilin suna wanda ya saɓa wa zaton mutane game da jinsin mai wata sana'a yana haifar da P600, kamar yadda kuskuren jinsi na haƙiƙa yake yi, sai dai bai kai shi girma ba.

5.0 Sababbin fassarori

Masana ba su rasa abin cewa ba. Kuperberg (2007) ta ce hanyoyi biyu ne suke tafiya tare, ɗaya tana bin dangantakar kalmomi da aka adana a ƙwaƙwalwa, ɗaya tana bin tsarin jumla, P600 kuma alamar saɓaninsu ce. Kolk da almajiransa suka ce P600 sake dubawa ne, kamar mutum ya tambayi kansa ko daidai ya ji. Brouwer da Fitz da Hoeks (2012) sun fi kowa taƙaita zance: N400 yana auna wahalar zaƙulo kalma daga rumbun ƙwaƙwalwa, P600 yana auna wahalar saka ta cikin saƙon da ake ginawa. Bisa wannan, “tuƙa” tana da sauƙin zaƙulowa bayan “tuwo” ko da wane ne aikau, don haka N400 ya yi shiru. Wahalar tana wajen haɗawa.

Mu mun fi karkata ga wannan na ƙarshe, saboda bai buƙaci a ƙirƙiro wata hanyar ma'ana mai zaman kanta ba. Amma a lura da abin da ya faru: kalmomin “nahawu” da “ma'ana” sun fita daga bayanin gaba ɗaya, an maye gurbinsu da “zaƙulowa” da “haɗawa”, waɗanda kowannensu yake cin abinci daga ɓangarorin biyu. Muna kuma da ƙorafi. Kalmar “haɗawa” tana da faɗi ƙwarai, kusan duk abin da ya fito bayan rabin sakan ana iya kiransa haɗawa, har da P600 da Patel da abokansa (1998) suka samu a kiɗan da ya saɓa wa tsari. Tsarin Friederici ya faɗi ne domin ya tsaya a inda za a iya harbinsa. Wasu daga cikin magadansa sun tsira ne domin ba su tsaya wuri ɗaya ba.

6.0 Harshe nawa aka tambaya?

Kusan duk gwaje-gwajen da suka haifar da wannan muhawara a Ingilishi da Holanci da Jamusanci aka yi su, harsuna uku 'yan ɗaki ɗaya. Ina Bornkessel-Schlesewsky da abokan aikinta (2011) sun kai jumloli irin na (5) zuwa Turkanci da Sinanci da harshen Aisland. Suka ba da rahoton cewa a Turkanci da Sinanci, kamar a Jamusanci, N400 yana fitowa, saɓanin Ingilishi da Holanci, suka danganta bambancin da yadda kowane harshe yake gane aikau: wasu da jerin kalmomi, wasu da ɗafi ko da kasancewar abu mai rai. Chow da Phillips (2013) kuwa P600 suka samu a Sinanci ba tare da N400 ba, sannan a 2018 Chow da abokanta suka nuna cewa idan aka tsawaita tazara tsakanin sunaye da aikatau, N400 yakan bayyana. Ke nan tsarin jumla yana shiga cikin tsammani, sai dai yana buƙatar ɗan lokaci. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma ta isa ta nuna cewa amsar ƙwaƙwalwa tana bin halin harshen da aka yi gwaji da shi.

A nan ne masanin Hausa yake da abin faɗi, domin harshen yana da siffofi da za su gwada waɗannan ra'ayoyi ta inda Ingilishi ba zai iya ba. Na farko, rukunonin aikatau da Parsons (1960) ya tsara sun sa gyaran jumla ta (5) yana kusa ƙwarai:

(6) Tuwo ya tuƙu.

Tsakanin “tuƙa” ta rukuni na 1 da “tuƙu” ta rukuni na 7 wasalin ƙarshe ne da karin sauti. Idan Kim da Osterhout suna da gaskiya cewa ƙwaƙwalwa tana ɗora laifi a kan sigar aikatau, Hausa wuri ne mai kyau na gani. Kuma tun da karin gaɓar farko ya riga ya bambanta, sama a “tuƙa”, ƙasa a “tuƙu”, ana iya tambayar ko mai sauraro yana jiran wasalin ƙarshe ko tun daga kari ya yanke hukunci.

Na biyu, batun mai rai da marar rai, wanda Kuperberg ta dogara da shi, yana da santsi a Hausa. Aikatau “ci” yana karɓar aikau marar rai ba tare da wani ya ɗaga gira ba: wuta ta ci gida, ruwa ya ci yaro, riga ta ci yadi biyar, kasuwa ta ci. Wanda ya fassara jumlolin gwaji daga Ingilishi kai tsaye zai tarar rabin “kurakuransa” Hausa ce tsantsa.

Na uku shi ne ya fi damunmu, kuma ya shafi rubutun boko. Mu sake duban (5), mu tsaya kafin kalmar ƙarshe:

(7) Tuwo ya tuƙa.

A rubuce wannan jumla ba ta da laifi ko kaɗan, domin ana iya karanta ta da nufin “tuwo ne ya tuƙa”, amsar mai tambayar me wane ya tuƙa. A baki kuwa babu ruɗani: zagin da ke cikin (5) dogon wasali gare shi, na cikin wannan karatu na (7) kuma gajere. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka wani yanki na nahawun Hausa ba ya kan takarda, mai karatu ne yake cike shi, kuma da ma'ana yake cikewa. Mai karanta Hausa da ya ga “tuwo ya”, sanin cewa tuwo ba ya aikata komai yana iya sa shi ya zaɓi gajeren wasali tun kafin ya ga aikatau. Tambayar wanne ya riga wani, nahawu ko ma'ana, ba ta ma tsayu da ƙafafunta a irin wannan hali ba.

Ga mai son shirya gwaji, mafita tana cikin jam'i, inda rubutu yake bambanta sigogin biyu:

(8) ?Tufafi sun wanke yara.
(9) Tufafi suka wanke.
(10) Tufafi sun wanku.

A (8) “sun” ya rufe ƙofar karatun (7), don haka saɓanin yana faɗowa a kan aikatau daidai, inda ake son auna shi. Jumla ta (9) tana da kalmomin farko iri ɗaya da aikatau iri ɗaya, zagi kaɗai ya sauya. Ra'ayin Brouwer zai yi hasashen N400 iri ɗaya a kan “wanke” a (8) da (9), tun da “tufafi” ya share mata hanya a duka biyun, bambancin ya koma ga P600. Ra'ayin Bornkessel-Schlesewsky ma zai sa Hausa a sahun Ingilishi, saboda tsayayyen jerin kalmominta. Amma idan zagin aikatau, wanda yake tabbatar da aikau tun kafin aikatau ya iso, yana ba ƙwaƙwalwa irin lokacin da Chow ta nuna ana buƙata, to N400 zai fito a (8). Sai dai mai gwajin ya tuna da gargaɗin Steinhauer da Drury, domin “sun” da “suka” su ne kalmomin da suka gabaci wurin awo, kuma ba ɗaya suke ba. Dole ya ɗauki wurin farawarsa daga farkon jumla, ko ya saka wata kalma guda, kamar “dai”, tsakanin zagi da aikatau a dukkan jumlolin uku.